Taku Bakwai

Kilo tara fa. Tara cif, har sai da ma'aikaciyar asibitin ta sauke shi daga sikeli ta sake ɗorawa, don ta ɗauka sikelin ne ya lalace. Yaron nan da duk gidan haya ake kira Tsinke, yau shi ne wando ya ƙi wuce masa cinya. Tun daga ƙofar asibiti uwarsa take nuna wa mutane katin awo, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, har mai babur ɗin da ya ɗauko ta sai da ya leƙa.

To zauna ki ji yadda aka yi, don ba allura ce ta yi wannan aikin ba.

Ita dai uwar, Aji Uku ake ce mata. Daga aji uku na sakandare karatunta ya tsaya, kuma kome aka ɗauko sai ta ce, "Ai mun yi wannan a aji uku." Shi ke nan suna ya bi ta. Gidan nasu ɗaki goma sha biyu ne, tsakar gida kamar tafin hannu, rijiya ɗaya, masai ɗaya. Da can ɗaki takwas ne. Mai gidan ya cike tsohon masai ya gina huɗu a kai, ya haƙa sabo a ɗan wurin da ya rage.

Tun da aka fara ba Tsinke ruwa yana wata shida cikinsa ya ɓaci. Gudawa yau, gudawa gobe. A kai shi asibiti a ba shi ruwan gishiri da sukari, ya warware kwana huɗu, ya koma. A gida kuwa likitarsu Gwaggo ce, tsohuwar ɗakin ƙarshe, mai rina wa mutane zannuwan da suka koɗe.

"Haƙori ne," in ji Gwaggo. "Duk yaran gidan nan haka suke yi."

"Gwaggo, wata huɗu fa ke nan, ko ɗaya bai leƙo ba."

"To ai shi ya sa. Taruwa suke su fito gaba ɗaya."

Aji Uku ta yi dariya. Amma da ta ɗaga shi za ta goya, sai ta ji kamar zanin kawai ta ɗaga.

* * *

Wata Laraba da hantsi sai ga hayaniya a ƙofar gida. 'Yan makaranta ne sun kai ashirin, da igiya da gwangwanin fenti da manyan takardu, Auta ƙanwar Aji Uku a gaba tana ta fiffika. A bayansu Malamar labarin ƙasa ce da lemarta. Wai ta ce wannan zangon an huta da zanen kogunan da ba wanda ya taɓa gani, unguwa za a zana, kowace rijiya da kowane masai da kowace kwata.

Malama ta tsaya ta dubi Aji Uku da kyau. "Ba ke ce mai zama bakin taga kina cin gyaɗa ba?"

"Ni ce, Malama." Ta rufe fuska da gefen mayafi.

"To gyaɗar ta ƙare. Zo riƙe mana bakin igiya."

Igiyar nan an ƙulla ta, kowane ƙulli mita ɗaya. Aji Uku ta danne bakin igiyar a ƙofar masai, Tsinke a baya, Auta ta ja har bakin rijiya. Ƙulli biyar. Malama ta ce a taka kuma, don ba kowa ke da igiya a gida ba. Aji Uku ta taka tana ƙirgawa da ƙarfi kamar ranar jarrabawa. Bakwai.

"Nawa ya kamata ya zama?" Malama ta tambayi ajin.

"Mita talatin, Malama. Taku arba'in na babba."

Sai Malama ta karɓi buta ta tsiyaye ruwan a ƙofar masai, ta ce kowa ya yi shiru ya kalla. Ruwan ya yi ɗan dabur-dabur, sannan ya miƙe sululu kamar an aike shi, bai tsaya ba sai gindin rijiya.

"Na ƙarƙashin ƙasa ma haka yake," in ji Malama. "Gangare yake bi, ba ya neman izinin kowa."

Daidai nan Baba mai gida ya fito daga sashensa cikin farar babbar rigarsa, wadda ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba.

"Malama, karatu aka kawo yaran nan ko leƙen masan mutane?"

"Ina kwana, Baba. Ai duk cikin karatun ne."

"Ramin nan siminti na zuba masa. Rijiyar nan kuwa tun ba a haife ki ba ake shan ta. Dubi ruwa, fari tas."

Malama ba ta yi musu ba. Ta ce za su rubuta su kai ofishin duba-gari. Auta ta zana jan bakwai ƙato a jikin rijiyar. Da za su fita, Malama ta shafa kan Tsinke, ta rage murya. "Ki riƙa zuwa famfon makaranta, zan gaya wa maigadi. In ba ki samu zuwa ba, ki tafasa."

* * *

Duba-gari ya zo kuwa. Ya shiga falon Baba, ya jima, ya fito yana murmushi yana gyara aljihu. Ko inda rijiyar take bai kalla ba.

Aji Uku ta kama jigilar jarka daga makaranta, matan gida suna yi mata tsiya. "A ba ta hanya, ga mai ruwan boko." Cikin Tsinke ya fara lafawa, sai kuma ya sake ɓaci. Ashe duk sanda ta bar shi wurin Gwaggo ta tafi ɗebo ruwa, tsohuwar sai ta ɗura masa na randarta, wai yaro yana jin ƙishi ba za ta zauna jiran famfo ba.

Ranar da ta gane, a bakin famfon ta tare Malama, idonta ya yi ja.

"Malama, abin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ta yaya za a nuna wa wanda bai yarda ba?"

"Masu binciken ruwa launi suke zubawa a nan, su je can su jira shi."

Ba abin da ya faɗo wa Aji Uku a rai sai bahon Gwaggo, wanda kullum ake zubar da sauran shuɗinsa a kwata.

Ta dawo ta tara matan gida. "Gwaggo, mu ƙulla. Ki ba ni sauran rininki in zuba a masai. In bai fito a rijiya ba, ni zan yi miki wanki wata guda. In ya fito, ba ki ƙara ba ɗana ruwan randarki."

"Har da bargo?"

"Har da bargo."

Baho uku suka juye, gida ya ɗauki shewa. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. Gwaggo ta fara fito da tsummokaran da ta shekara ba ta taɓa ba, tana jibgewa a ƙofar Aji Uku tana 'yar waƙa. Rana ta uku aka wuni ana ruwan sama. Da safe aka ja guga aka leƙa, ba a ga kome ba, don gugan baƙar roba ce, bokitan gidan kuma daga ja sai kore.

Wanda ya tona asiri rigar Baba ce. Matarsa ta jiƙa ta tun asuba da ruwan rijiya. Da ta ɗago za ta matse, sai ga riga ta koma kalar sararin sama. Wata ta tuntsire da dariya, saura suka kama, har da mai riƙe ciki. Baba ya fito da 'yar singileti, ya dubi riga, ya dubi rijiya, ya koma ciki.

Gwaggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta kama gefen rigar ta murza tsakanin yatsu.

"Shuɗina ne. Ko a kasuwa na gan shi zan gane shi." Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, ba da kowa take ba, "Jikana da ya rasu bara ma, haƙori na ce."

Da hannunta ta kifar da randarta.

* * *

Aka rufe rijiya da fallen kwano, aka danne da dutse. Masu tsiyar ruwan boko suka bi layi da jarkokinsu, Aji Uku a gaba kamar shugabar aji. Malama ta nuna musu taswirar da aka kafa a bangon ajin: rijiya ashirin da shida a unguwar, goma sha tara da jan ɗigo, alamar sun yi kusa da masai. A ƙasa, cikin sunayen waɗanda suka yi aikin, Auta ta ƙara na yayarta. Sau uku Aji Uku tana komawa ta sake karantawa.

Tsinke kuwa ya kama ci kamar an buɗe buhu. Haƙora huɗu suka fito a jere, ko sau ɗaya cikinsa bai motsa ba. Shi ne yau aka ce kilo tara.

Da katin a hannu ta shigo gida, bakinta cike da labari, sai ta ja ta tsaya. An ɗauke kwanon. An shafe jan bakwai da farar ƙasa, ko bushewa ba ta gama ba. Wata baƙuwa da tsohon ciki, wadda suka tare jiya a ɗaki na tara, tana jan guga.

"Sannu da aiki, 'yar'uwa. Wa ya buɗe?"

"Baba ne. Ya ce duba-gari ya duba, ruwan ya washe." Ta karkato gugan. "Kin gani, fari tas."

Aji Uku ta soke katin a ƙugu, ta gyara goyo, ta kama hannun matar ta kai ta ƙofar masai. "Taho mu taka tare, ke za ki ƙirga."

Matar ta biye mata tana dariya. Ɗaya, biyu, uku. A na bakwai yatsun ƙafarta suka taɓa gindin rijiya. Ta waiga ta dubi inda suka taso, ta dubi gugan da ke ajiye yana ɗiga, sai ta ɗora hannu a kan cikinta.

Saura gida goma sha takwas a taswirar nan, kuma Aji Uku ƙafa biyu gare ta. In da rijiya a gidanku, ki fita ki taka. Abin da kika samu, ki ƙwanƙwasa wa ta ɗakin kusa da ke ki gaya mata.