Wasan da Orville Bai Gani Ba

Kwalejin garinmu, Pruett, ba ta taɓa shiga gasar ƙwallon kwando ta watan Maris ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaranmu a fili ba zai ce an zalunce mu ba. Kwalejoji goma sha shida ne a ƙungiyarmu ta yammacin jihar Kansas, takwas ake ɗauka, mu kuwa kullum mu ne na ƙarshe.

Sai bana shugabannin ƙungiyar suka zauna suka ce a faɗaɗa gasar ta ɗauki goma sha shida. Wato kowa ya shiga ke nan, har mu. A gidan abincina labarin ya fara sauka, mutane suka hau tafi kamar da guminmu muka samu. Ni dai ina zuba musu kofi ina jin kunya a madadinsu.

Murnar mutum ɗaya ce ta taɓa min zuciya, Orville Stuckey. Shi yake sharhin wasanninmu a ɗan gidan rediyon garin tun yana da gashi a ka. Ya ba da labarin kashin da muka sha iri-iri, bai taɓa ƙosawa ba. Burinsa ɗaya ne, ya yi sharhin wasan gasa ko sau ɗaya kafin ya ajiye makirufo, kuma ya riga ya gaya wa kowa bana zai ajiye, don muryar ta fara yi masa gardama. Har sabuwar kwat ya je ya saya, mutumin da ba mai ganinsa a rediyo.

Daga nan rigimar wa zai watsa wasannin ta taso. Wani kamfanin talabijin daga birni ya ce yana son gasar gaba ɗaya, amma da sharaɗin kada a ga makirufon kowa a zauren wasa sai nasa. Wakilinmu a ƙungiyar, Wendell Krehbiel, ya bugi ƙirji a gabana ya ce sai dai a bi ta kansa. Ya tafi taron, suka ciyar da shi gasasshen nama, suka ɗora masa hula mai tambarin kamfanin, ya dawo yana cewa yanzu duniya za ta san Pruett. Na ce masa abin da nake tsoro ke nan. Ranar kofinsa mai sanyi na ba shi, da gangan.

Orville bai yi faɗa da kowa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya zauna a kujerarsa ta bakin taga yana juya cokali a kofi, ya ce ba komai, ai zamani ne.

To, mu a garin nan ba ma sauraron talabijin. Idan ana nuna wasa, kashe muryarsa muke yi mu kunna rediyo, don masu sharhin birni ko sunayen yaranmu ba su iya faɗa ba. Sai na ce wa Orville zauren wasa aka hana shi, ba a hana shi gidan abincina ba. Ya kawo kayansa ya zauna gaban talabijin ɗina ya yi aikinsa.

Ya ce, "Lurleen, wannan ai sata ce."

Na ce, "Ci kek ɗinka, tsoho. Talabijin ɗina ne."

An sa wasanmu ranar Alhamis da tsakar rana, da Kwalejin Haddon, waɗanda suka fi kowa, samari dogaye kamar turakun lantarki. Gidan abincin ya cika har bakin ƙofa. Orville ya zo da kwat ɗinsa, ya jona wayoyinsa kusa da tukunyar kofi, ya gaishe da masu sauraro. Aka fara, aka kuma fara lallasa mu yadda aka saba.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa shi ne, gasar da aka faɗaɗa wasanninta sun yi yawa, tashar kuwa ɗaya ce. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci, an ba mu tazarar maki ashirin da wani abu, sai hoton ya ɗauke. Kamfanin ya koma wani wasan da ya fi zafi a wani gari. Ga waɗansu yara can masu jajayen riguna suna ta gudu, ba namu ko ɗaya.

Wendell ya cire hular nan a hankali ya zauna a kanta. Na dubi Orville, na ji tausayinsa har cikin raina.

Shi kuwa ya gyara zama, ya rufe ido, ya ce ɗan wasanmu Dewey ya ƙwace ƙwallo. Dewey, wanda ko farantin abinci ba ya iya riƙewa. Ya ce ya ruga, ya jefa daga nesa, ta shiga. Kowa na ganin talabijin ɗin nan, kowa ya san ƙarya ce tsagwaronta, amma aka tafa. Orville ya ci gaba. Tazara ta dawo goma sha biyar, ta dawo tara. Wani manomi ya miƙe yana zagin alƙalin wasa a kan laifin da Orville ya ƙirƙira yanzun nan. Wendell ya zaro wayarsa zai duba ainihin sakamakon, matarsa ta fizge ta cusa a jaka. Ni kaina na tsinci kaina ina addu'a, fanke yana ƙonewa a bayana.

Saura daƙiƙa kaɗan, maki ɗaya tsakani, ƙwallo a hannunmu. Orville ya miƙe tsaye, ya ce Dewey ya jefa, ta hau bakin kwando, tana zagayawa, tana zagayawa. Sai ya ce ta faɗo waje, an tashi, Haddon ta yi nasara.

Gidan ya kaure da ihu. Wani ya jefi Orville da biredi. Can filin kuwa da tazarar maki arba'in aka cinye mu, amma ba wanda ya damu da wannan, maki ɗayan nan ne ya tsaya wa kowa a wuya.

Na same shi yana naɗe wayoyinsa, gumi ya jiƙa masa kwat. Na ce, "Kai ko a ƙaryar ma ba za ka bar mu mu ci ba?"

Ya ce, "Yadda aka yi wasa, wannan nawa ne, na ƙawata shi yadda nake so. Amma wanda ya ci, ban taɓa yi wa garin nan ƙarya a kansa ba, ba kuwa zan fara a ranar ƙarshe ba." Sannan ya tambaye ni a hankali, "Amma dai ya yi daɗi, ko?"

Na ce masa ban taɓa ganin wasa kamarsa ba. Na juya na shiga kicin da sauri, don kada ya ga fuskata.