Iskar da Baba Mai Faci Ya Rage

Ko da Uwar Gola ta iso filin, tef ɗin awo na reto a wuyanta, Koci ya riga ya ci kwalar Baba Mai Faci. Ɗanta kuwa, mai tsaron gidan kulob ɗin, yana tsaye jikin katanga, hannaye a baya, leɓe a fashe, jini har kan rigar kulob.

Bango suke kiran wannan horo. Duk ranar da aka ci su, washegari sai a jingina mai tsaron gida da katanga, ba damar karewa, yara su yi layi kowa ya ɗirka masa ƙwallo. Wanda ya buga a hankali, shi ma ya hau bango. Iyaye sun sani sarai. Ita kanta ta sha ce wa ɗanta ya daure, ai ƙwallo ba ya kisa, kuma ta hannun Koci ake shiga manyan kulob. Ɗan nata fa yaro ne da ko gemu bai san hanyarsa ba!

Baba ne ke yi wa ƙwallayen kulob iska, rumfarsa tana manne da gidanta. Wasu ranaku sai su fito luguf-luguf kamar tumatir ya kwana, Koci ya yi ta masifa. Ita ma takan tsokane shi ta taga, wai shi da famfonsa duk numfashi ya ƙare musu. Sai ya yi dariya ya ci gaba da kankare tayarsa.

Yau Koci ya gaji, ya kai ƙwallayen wurin mai inji aka cika su tam kamar dutse. Daga rumfa Baba ya ji ƙarar bugun ƙwallon ta canza. Ya taso da allurar famfo a hannu, ya ratsa layin yaran, ya durƙusa yana sace iskar ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe da gangan kake yi, tsohon banza?" in ji Koci.

"Da gangan. Duk ranar bango," Baba ya ce. "Matsa ka ji. Wannan za ka sauke a fuskar ɗan mutane?"

Mari ne ya fara sauka, sannan Koci ya hankaɗa shi da hannu biyu. Ƙeyar tsohon ta daki ƙarfen raga, ƙarfen ya amsa. Wallahi bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara masa da takalmi a haƙarƙari kafin ya ga jini na bin kunne. Yaran suka watse. Ɗanta kaɗai bai motsa ba, don ba a ce ya sauka ba.

A asibiti Baba bai cika gane mutane ba. Ranar da ya gane ta, ya motsa baki, ta sunkuya.

"Ya leɓen yaron?"

Kunya ta kama ta. Ita da ta haife shi ba ta taɓa tsayawa tsakaninsa da ƙwallo ba. Baba bai kai ƙarshen mako ba.

Da 'yan sanda suka zo, unguwar ta yi tsit. Iyaye suka bi ta har ɗaki suna lallashi: wai ta ce musu tsoho ne ya zame, in aka kama Koci kulob ya mutu, ɗanta ma ya rasa gaba. Ta saurare su tsaf. Sannan ta ɗauko rigar kulob mai jinin nan da ta ƙi wankewa, ta kama hannun ɗanta, ta fita ta faɗi komai, har da nata shirun. Aka tafi da Koci, maƙwabta da yawa suka daina gaishe ta.

Da yamma ta leƙa ta taga. Ɗanta na zaune kan tayar da Baba ya saba zama a kai, ƙwallon ƙarshe da tsohon ya taɓa a cinyarsa. Famfo na jingine kusa da shi, bai ɗauka ba. Ya danna babban yatsa a jikin ƙwallon ya ɗaga, wurin ya zauna a lotse.