An Sake Me Kuma?

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, na mutane kawai nake karantawa. Ko a aji aka ce in tashi, muryata rawa take yi. Amma ina ɗakin Kaka Saloma a ranar, a bayan ƙofa, na kawo kunun da mamata ta aiko ni da shi.

Kaka Saloma maƙwabciyarmu ce, zana ce kawai tsakaninmu. Ɗanta Saja Haggai ya je yaƙin Laberiya ya dawo lafiya, ya ajiye kaki, sai ya tafi gadin jirgin ruwa a wata ƙasa ta bakin teku. Can aka kama su, wai bindigoginsu na juyin mulki ne. Tun lokacin wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu yake kiran matarsa, Anti Theresa, ta wayar Nkiruka mai sana'ar kiran waya a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa. Labarin kullum farkonsa ɗaya. An sake ɗaga shari'a. An sake rubuta wa ministan ƙasar. An sake hana jakada ganinsa.

Kaka ta tsani kalmar nan. Da ta ji "an sake", sai ta juya fuska bango.

Ranar nan numfashinta ya yi nisa, matan zumunta na coci sun cika ɗakin suna waƙa a hankali. Sai ga Anti Theresa ta shigo ba ɗankwali, Nkiruka na bayanta, ta ɗaga waya sama kada layin ya yanke.

"Mama, an sake shi," in ji Anti.

Kaka ta juya bango. "An sake me kuma?"

"Shi aka sake, Mama."

"Na ji. Dukansa aka sake, ko kotu? Ku bar ni in tafi da kunnena lafiya."

Anti ta fara kuka. Nkiruka ce ta durƙusa bakin gadon, da Hausarta ta kasuwa.

"Mama, ƙofa ya buɗe. Haggai ya fita waje. Yana gidan jakada yana ci shinkafa."

Kaka ta juyo a hankali. Aka kara mata wayar a kunne. Muryar ta fito ƙarama, amma har ni na gane ta.

"Mama, ni ne."

Kaka ta manna kunne a wayar. Can ta ce, "Kai, wa ya ce ka bar soja ka tafi gadin kifi?"

Matan zumunta suka yi dariya suna share ido.

"Jibi zan hau jirgi, Mama. Ki jira ni."

"Na jira ai. Yanzu kai za ka zo, ni na gaji." Ta dubi Anti. "Fito da takalmansa daga ƙarƙashin gado, su sha rana. Sun yi fumfuna."

Kafin inuwar mangwaro ta kai bakin rijiya, Kaka ta cika. Ba a yi ihu ba. Wata ta ɗauko waƙar daga inda aka tsaya.

Na ajiye kunun a gefen randa, ya riga ya huce. A tsakar gida takalman soja biyu suna zaune a rana, an zaro harsunansu waje, kaza na leƙa cikin ɗaya. Na raɓa ta gefensu, na bi ta ɓular zana na koma gidanmu.