Hawayen Kwalba

Madhav ya rasu da safe, ko shayinsa bai huce ba. Kafin hantsi ɗakin matarsa Kusum Pendse a unguwar Girgaon ya cika maƙil, har matan benen sama da ba sa gaishe ta sun sauko. Ba ta'aziyya kaɗai ta kawo su ba. Kusum ce fa, matar kirki ta fim, mai sari da lulluɓi, wadda mazajenta suka mutu a majigi ba adadi, kowanne ta yi masa kukan da ya jiƙa hankicin 'yan kallo. Yau na gasken ya tafi, sun zo ganin ainihin abin.

Ita kuwa tana zaune gefen gawar, ido ƙamas. So take ta yi wa mutumin nan kuka, shi da ya tsufa yana kai mata abincin rana wurin ɗaukar fim. Ta laluba zuciyarta, wayam. Abin da ke kai-kawo a kanta kawai, an bar fanka a kunne.

Ƙanwar Madhav ta kama hannunta ta fasa korayen awarwaron, ta goge jan ɗigon goshinta, kamar yadda ake yi wa matar mamaci.

"Vahini, matar yaya, ki yi wani abu mana," ta raɗa mata. "Ana kallonki."

Sai ga Roshan cikin wando, gashi a yanke. Ita ce 'yar zamanin duk finafinan Kusum, mai sigari, mai ƙwacen miji, wadda ake harbewa kafin a tashi. Tun daga matakala take rusa kuka, majina shaɓe-shaɓe. Mata suka tattare bakin sarinsu.

"Ji mara kunya, sai ka ce mijinta," in ji wata.

Roshan ta rungume Kusum, ta cusa mata 'yar kwalba a tafi, ruwan nan da ake shafa musu a ido in za a ɗauki kuka.

"Ungo, tsohuwar banza. Ba su abin da suka zo nema, su ƙyale ki."

Kusum ta ja lulluɓi ta shafa. Idon hagu ya riga na dama zubarwa, kamar kullum. Ba ta ma san sa'ad da ta juya kumatunta wajen hasken taga ba.

"Wayyo, sak na fim!" in ji wata. Ɗaki ya ɗauki kuka.

Maza suka shigo suka ɗaga Madhav. Ta bi ƙafafunsa da kallo har suka fice, fuskarta sharkaf, ba ta jin komai sai yaji a ido. Abin da ta ba mazajen aro, shi ma shi ya samu.