Tattabarun Siton Mma Mamunatu

Ran Litinin matar tankas, mai duba tsabta, ta tsaya a tsakiyar sito ta ɗaga kai. Tattabaru sun jeru a katakon rufi. Kashinsu ya yi wa buhunan masara fari.

"Hajiya, Alhamis zan komo. In na gani wannan kuma, kwaɗo ne." Hausarta ta koyo ce, amma kowa ya ji.

Siton na Mma Mamunatu ne, yayar babana. Tun rasuwar mijinta Alhaji siton ke ci da gidanmu, har da ni da na gama sakandare shekara biyu ina zaune. In aka rufe, tukunya ta sauka. Aikin ya faɗo kaina.

Na je Magazin, unguwar makanikai, na aro bindigar iska wajen Kamaldeen bakanike. Da la'asar na saita ta farko, ta faɗo tana shure-shure.

"Ka yi bismilla?" in ji Mma daga bakin ƙofa.

"Mma, ba farauta na fito ba."

"Ungo wuƙa. Ka yanka kafin ta mutu. Ba za a yi min mushe a sito ba."

Haka aikin ya zama. In harba, in ajiye bindiga, in kutsa tsakanin buhuna ina lalube, in juya gabas, in yanka. Kafin in miƙe sauran sun fice ta ƙarƙashin kwanon rufi, sun koma rufin maƙwabta suna jirana in tafi. Litinin shida. Talata tara, da huda biyu a kwano. A gida ana ta suya ana sa min albarka. A katako kuwa kamar ban taɓa ko ɗaya ba.

Laraba na fito daga sallar asuba na wuce sito, in same su kafin su watse. Na tarar da Mma a ƙofa da olonka, gwangwanin awo, cike da masara, tana watsawa. Tattabaru na sauka ta ko'ina, har daga wajen Manhyia. Sun fi ɗari.

"Mma, mene ne wannan?"

"Sadakar Alhaji."

"Kullum?"

"Shekara talatin yana zuba musu a bakin nan. Don ya kwanta dama sai in yanke masa lada?"

"To ni me nake harbi?"

"Na ciki. Waɗannan na waje ne, baƙi ne."

"Su ne dai, Mma. Su ci a nan, su shiga can su sauke."

"Ka san fuskarsu?"

Muna tsaye uku suka tashi suka shige ƙarƙashin kwanon. Na nuna mata. Ta ce ba ta sa tabarau ba.

Na ce a mayar da sadakar filin masallaci, ladan ɗaya ne. Ta ce a nan ya saba. Na ce to a dakata kwana biyu kawai. Ta dube ni kamar na zagi mamacin.

"Ɗan boko. Randa na mutu ka dakatar da tawa."

Kafintan da na nema ya ce ba zai samu zuwa sa raga a ramukan rufi ba sai Asabar. Na wuni ina shara, ina goge buhu ɗaya-ɗaya da tsumma. Na cusa kwali a ramukan da tsani ya kai. Na harbe huɗu, na yanka huɗu.

Alhamis da safe Mma ta zuba olonkarta. Tattabarun suka ƙoshi, suka ture kwalin.

Ƙarfe goma matar tankas ta iso. Ta yaba sharar. Sannan ta shafa buhun gaba, ta dubi yatsanta. Ɗanyen kashi ne. Ta ce mu fito.

"Sai an sa raga, na zo na gani," ta ce, ta danna kwaɗon.

Mma ta bi ta da roƙo har bakin titi, da Hausa da Tuwi. Ta dawo tana haki, ta tsaya gabana.

"Kwana uku, namiji da bindiga a hannu."

Ta sunkuya ta dafa gwiwarta.

"Gwiwata ta tashi da wannan bin. Gobe kai za ka zuba. Olonka ɗaya, kar ka rage."