Roba Ta Huɗu

"Tura ƙofar nan ka matso," in ji Mai Kwalabe. "Ajiye kayan a kujera, ba mai sa su yau."

Mai wanki ya ajiye gogaggun rigunan, ya tsaya yana goge hannu a jikin wandonsa. Shekara tara suna katanga ɗaya da mutumin nan, bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai yau. Ashe 'yan unguwa ba ƙarya suke yi ba. Kwalabe ne jere a kan kanta, a kan taga, har ƙarƙashin gado, kowace da farar takarda da lamba a jikinta. Shekara talatin mutumin ya yi yana haɗa sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje, da ya ajiye aiki kuma sai ya koma bakin kogi da igiya da kwalba. Yanzu ga shi a kwance, wuyansa ya zama kamar mariƙin ludayi, idon ne kawai bai canza ba.

"Sarkin kumfa, aiki zan ba ka."

"In wanki ne, Malam, ka san ba sai ka roƙa ba."

"Ba wanki ba ne. Kai, wanki ne ma babban abin da zan hana ka." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. 'Yarsa ta leƙo da kofin ruwa, ya ɗaga mata hannu, ta koma.

Ya nuna wani kwali a gindin gado. Kwalabe shida ne a ciki masu murfi, da hantsaki, da safar hannu. Ya ce akwai zirin roba guda shida da ya ɗaure a cikin kogi, daga gada zuwa lambun mangwaro, kowane a jikin turken ƙarfe mai lamba.

"Na san su," in ji mai wanki. Ya kuwa san su. Na uku yana sama da duwatsun da suke wanki, na huɗu yana ƙasa da su, daidai inda kumfarsu ke taruwa.

"Ba irin robar bokiti ba ce. Ni na haɗa ta, shekara huɗu ina gyaran fuskarta. Duk abin da ya bi ta cikin ruwan nan, sai ta kama shi ta riƙe. Kwana ashirin da takwas take yi, ranar Alhamis suke cika. Dakta, wadda muke aikin tare, ta yi tafiya, sai Juma'a za ta dawo. Ni kuma ka gan ni. Ka ciro su da hantsaki, kowace a kwalbarta, ka sa a firji. Kada ka taɓa da hannu, kada ka ɗauraye."

Mai wanki ya dubi kwalin, ya dubi mutumin. Wata huɗu ke nan da kifi ya taso ya yi fari a bakin ruwa, tun daga ranar ake nuna masu wanki da baki, wai bilic ɗin da suke wanke fararen kaya da shi ne ya kashe shi. Nan da kwana goma sha biyu kwamitin kula da kogi zai zauna ya yanke ko za a tashe su daga kan duwatsun. Su goma sha ɗaya ne, kowa da iyalinsa.

"Malam, ba wannan ne karon farko da ka sa su ba ko?"

"Na huɗu ke nan."

"To na baya me suka nuna?"

"Ba na faɗin abin da ban gama aunawa ba."

"Ko a kunne? Ni da kai?"

"Ko a kunne. Uku ba su isa a buɗe baki ba. In na huɗu ya fito, kowa zai ji."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Mai wanki ya ɗauki kwalin ya fita, yana jin kwalaben suna karo da juna a ƙirjinsa.

Matarsa tana tsakar gida tana ware fararen kaya daga masu launi. Ta saurare shi har ya gama, ba ta daina warewa ba.

"Duk unguwar nan ya rasa wanda zai aika sai kai?"

"Ya ce ni na san inda ƙafa ke tsayawa a ruwan."

"Masunta ba su sani ba? Baban yara, ka buɗe idonka. In takarda ta fito ta ce ku ne, wa zai yi musu? Sai a ce ai da hannunsa ya ciro. Mutumin da ke gaishe ka yana kallon bokitinka."

"Yana ba ni wanki shekara tara."

"Yana kuma tambayarka wane irin sabulu kake saye, da murfi nawa na bilic kake zubawa. Ka taɓa jin mai kaya ya yi wannan tambayar? Har rubutawa yake yi."

Wannan gaskiya ne, har rubutawa yake yi, a wani ɗan littafi mai baƙin bango. Mai wanki ya tura kwalin bayan teburin guga ya rufe shi da zanin gado. Ranar bai yi guga mai kyau ba, har ya bar sawun dutse a wuyan rigar wani malamin makaranta.

Ranar Laraba da hantsi yana shanya a kan igiya ya ji muryar 'yar ta tsallako katanga. Ba ihu ba ne, kira ne kawai, "Baba, Baba," sau uku, kowane ya fi na baya ƙasa. Ya saki rigar da ke hannunsa ya zagaya. Ya tarar da ita durƙushe, tabarau ɗin uban a hannunta. Shi ya ja mayafi ya rufe masa fuska. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A hanyar dawowa wani mai shago ya matso kusa da shi ya ce, "Allah ya jiƙan sa, amma kun huta. Da takardarsa za a kore ku."

Alhamis da safe ya sauka kogi da kwalin kafin abokan aikinsa su iso. Ya fara daga gada. Ya sa safar, ya kama zirin farko da hantsaki, ya yanke igiyar. Faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, ya yi kore-kore da santsi. Ya jefa a kwalba ya murɗa murfi. Na biyu yana ƙasa da wata magudana da ke fitowa daga bayan masana'antar fenti, ya yi ja-ja. Na uku ma haka. Ya tsallake na huɗu, ya je ya ciro na biyar da na shida, sannan ya dawo.

Ruwan ya kai masa cinya a nan. Ya ɗago zirin ya kai wajen rana. Ƙazanta ce a jikinsa, toka-toka, mai yauƙi, irin wadda yake gani a gindin baho idan ya gama wankin labulen asibiti. Ya kai hancinsa kusa. Ya yi masa kamar ya ji bilic. Ya sake shinshinawa, bai tabbata ba, don hannunsa ma warin da yake yi ke nan, da rigarsa, da gashin kansa.

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ba kowa sai wata balbela a kan dutse.

Guntun sabulu yana aljihunsa, kullum yana nan. Ya cire safar da haƙori. Bai ɗauki lokaci ba, aikin da ya iya ne. Ya cuɗa fuskar robar da babban yatsa, ciki da baya, ya bi gefe-gefe da farce, ya ɗauraye sau uku. Ta fito fara tas, har tana ƙyalli. Da ya sa ta a kwalba ya jera ta da 'yan'uwanta, sai ta fita daban, ko makaho ya shafa zai san bambanci. Ya ciro ta ya dirza mata ɗan laka. Lakar ta ƙi zama. Haka ya mayar da ita kwalbarta, ya kai wa 'yar mamacin kwalin ta sa a firji.

Dakta ta iso ranar Juma'a da rana, mace ce gajera mai furfura a goshi, da jakar ƙanƙara a kafaɗa. Ta zauna da 'yar mamacin ta jima, sannan aka aika a kira mai wanki. Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa. 'Yar ta buɗe firji ta fito da kwalaben, Dakta tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Da ta zo kan ta huɗu sai ta tsaya. Ta buɗe murfin kaɗan, ta rufe.

"Baba, kai ka ciro su?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Wannan fa?"

"Haka na same ta. Ruwan wurin yana da gudu."

"Ruwa mai ƙamshin lemon tsami?" Ba ta ɗaga murya ba. "Sabulun nan ni ma da shi nake wanke kwano."

'Yar ta dube shi. Idonta a kumbure yake. "Kawu, ya fa gaya maka. Ina bayan ƙofa ina ji."

"Ya gaya mini kada in wanke. Bai gaya mini abin da ke ciki ba. Na tambaye shi, 'yata, sau biyu na tambaye shi. Mutum goma sha ɗaya ne a kan duwatsun nan."

Dakta ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko ɗan littafin mai baƙin bango. Ta buɗe, ta juyo masa da shi, ta ga ba karantawa zai yi ba, sai ta sa yatsa a kan layin.

"Ka ga nan, ta uku. Nan, ta huɗu. Ta uku tana sama da ku, ta huɗu tana ƙasa da ku. Abin da ya ƙaru tsakaninsu, shi ne naku. Wata uku a jere, abin da ya kashe kifi bai ƙaru ba ko kaɗan. Daga turke na biyu yake shigowa. Sabulunku yana nan, bai ɓoye shi ba, amma ba shi ba ne. Karo ɗaya ya rage masa ya sa hannu."

Mai wanki ya ɗago kai. "To a kai musu ukun."

"Zan kai. Sai su ce ina karo na huɗu? In ce an wanke robar ƙasanku. Su ce wa ya wanke?" Ta rufe littafin. "Ni ma ba na faɗin abin da ba haka ba. Shi ya koya mini."

"A sa wata robar, ranki ya daɗe."

"Kwana ashirin da takwas take yi. Zaman nasu saura kwana takwas. Zan roƙe su su ɗaga, ban sani ba ko za su yarda." Ta juya ga 'yar. "Akwai sauran sababbi a ƙasan firji?"

Akwai guda shida a cikin leda, ya yanka su ya sa musu lamba tun kafin ya kwanta.

Suka sauka kogi da yamma, ita a gaba, shi a baya yana nuna mata inda ƙasa ke da ƙarfi. Abokan aikinsa suna kan duwatsu suna bugun kaya, suka dakata suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya, "Kai kuma yau ka zama ɗan rakiyar masu kwalba?" Bai waiwaya ba.

A turke na huɗu ya naɗe ƙafar wandonsa ya miƙa hannu zai karɓi robar.

"Akwai rami a wajen, ranki ya daɗe. Kawo in ɗaura."

"A'a, Baba. Nuna mini ramin kawai."

Ta zauna a kan dutse ta cire takalmanta, ta duba inda za ta ajiye, ko'ina jiƙe yake da kumfa. Sai ta miƙa masa. Ta shiga ruwan a hankali, hantsaki a sama, siket ɗinta yana yin duhu daga ƙasa zuwa gwiwa. Shi kuwa ya tsaya a bakin gaɓa, takalmi ɗaya a kowane hannu, yana riƙe da su nesa da jikinsa don kada rigarsa ta jiƙa su.