Ƙofar Doña Eulalia

Shekara arba'in ke nan ba wanda ke kwatanta gidansa a unguwar nan ta birnin Managua sai ya fara da cewa, "Daga ƙofar Doña Eulalia, gida uku wajen tafki." Ko wasiƙar kotu sai ta bi ta sunanta. Eulalia mai ɗumamen masara, da ake ce wa Doña don girmamawa, ba ta haihu ba, ba ta tara komai ba, wannan sunan shi ne duk abin da ta mallaka.

Sai ga wata injiniya, Yahoska, daga ofishin tsara birni, ta tara jama'a a makaranta, ta shimfiɗa taswira. Wai za a ba kowane layi lamba, don motar asibiti ta daina yawo tana tambaya. Eulalia ta ga sunanta na shirin ɓacewa, ta zauna a sahun gaba tana hura hanci.

"Kowa ya zo ya nuna min gidansa," in ji injiniyar.

Wani dattijo mai aski, Don Fulgencio, ya sa tabarau, ya juya taswirar sama da ƙasa.

"'Yata, taswirarki ba ta cika ba. Ina ƙofar Eulalia?"

"Baba, ga layinku nan, na sha huɗu."

"Ni ban taɓa kwana a sha huɗu ba!"

Dole ta ɗiga jan biro a inda ƙofar take a taswirar. Nan take kowa ya ga gidansa, har da masu gyara wa maƙwabta. Eulalia ta ji daɗi har kunnenta, ta miƙe.

"To yarinya, tunda kin gani da idonki, a sa wa layin sunana, a huta."

Aka ɗau tafi. Yahoska ta yi ta murza biro.

"Da so samu ne, Mama. Amma a ƙa'idarmu, sai wanda ya rasu ake sa sunansa a layi."

Don Fulgencio ya sauke tabarau, ya dubi Eulalia da tausayi.

"Af, ai abu mai sauƙi ne. Maƙwabciya, ya jikin naki kwanan nan?"

"Aniyarka ta bi ka, mai askin banza!" Ta juya ga injiniyar. "Rubuta sha huɗu. Ba sauri nake yi ba."

Lamba ta hau bango. Tun daga ranar Eulalia ba ta ƙara tsallake maganin hawan jininta ba, don duk wanda ya gaishe ta sai ya tsaya ya ƙare mata kallo.